Tukunyar Ɗumama Gida: Wuta a Waje, Ɗumi a Ciki

'Yan'uwa manoma, kaka ta wuce, an kai amfanin gona gida, ga shi hunturu ya sako kai. Daga yanzu har ƙarshen Fabrairu kowane gida a Samaru da Sabon Gari da ƙauyukan kewaye zai ƙara cin itace, saboda jin ɗumi da ruwan wanka. A tarurrukan ƙungiyoyinmu na bana an yi ta kawo tambaya guda. Waɗansu samari sun ga hotuna a waya na gidajen Turai da Amurka, inda ake hura itace wuri ɗaya, gida duka ya ɗumama, ɗaki bayan ɗaki, ba hayaƙi ba toka. Suna so su sani ko ƙungiya za ta iya harhaɗa irin wannan. Amsata ita ce, na'urar kanta ba ta dace da mu ba. Amma dabarar da ke cikinta tana iya ceton rai, ta kuma rage mana kuɗin itace. Bari mu bi maganar daki-daki.

Yadda abin yake aiki

Turawa suna ce da ita boila. Mu sai mu kira ta tukunyar ɗumama gida. Akwatin ƙarfe ne mai bango biyu. A tsakiya ake hura wuta, tsakanin bangon ciki da na waje kuwa ruwa ne cike, ya kewaye wutar. Hayaƙi yana fita ta bututunsa zuwa sama, ba ya shiga ɗakin kowa. Ruwan da ya yi zafi shi ne yake bin ƙananan bututu zuwa ɗakuna.

Duk wanda ya taɓa leƙa injin mota ya riga ya ga rabin abin. A mota, ruwa yana ɗauko zafin inji ya kai shi lagireto, iska ta kwashe zafin, ruwan ya komo da sanyi. A gidan Bature wutar itace ce a madadin inji, lagireto kuwa yana manne da bangon kowane ɗaki. Ruwan yana barin zafinsa a ɗaki, ya koma tukunya a sāke ɗora masa wani. Ruwa ɗaya ne yake ta zagawa, ba a shansa, ba a wanka da shi.

Me yake tura ruwan? Kun sani in aka shiga tafki da rana, saman ruwa da ɗumi, ƙasa kuwa da sanyi. Ruwan zafi bai kai na sanyi nauyi ba, don haka yakan hau, na sanyi ya sauka. Idan tukunya tana ƙasa, lagireto yana sama da ita, ruwa zai zaga da kansa muddin wuta tana ci. Haka gidajen dā suke, tukunya tana ɗakin ƙarƙashin ƙasa. Wani mutum mai suna Angier Perkins ya yi rajistar dabarar ɗumama gini da bututun ruwan zafi a Ingila tun 1831. Gidajen yanzu suna sa ɗan injin lantarki mai tura ruwan.

Dalilin da ya sa aka zaɓi ruwa shi ne yana riƙe zafi ƙwarai. Zafin da lita 1 ta ruwa za ta ɗauka, sai iska wajen lita 3,500 kafin ta ɗauki kamarsa. Saboda haka masu tukunyar itace sukan haɗa ta da babban tanki, lita 1,000 ko fiye, su hura wuta mai ƙarfi sau ɗaya da yamma, tanki ya adana zafin, ya yi ta sakinsa har gari ya waye. Ku riƙe wannan a rai, za mu komo kansa.

Sababbin tukwanen suna da wata hikima kuma. Hayaƙi itace ne wanda bai gama ƙonewa ba. Sai aka sa fanka tana jan hayaƙin ƙasa, ta cikin garwashi, zuwa ɗaki na biyu inda yake kamawa da wuta mai zafi wajen digiri 1,000. Irin wannan tukunya tana kama kashi 80 zuwa 90 cikin 100 na zafin itace. Murhunmu na duwatsu uku, a tsakar gida cikin iska, yana kama kashi 10 zuwa 15 ne kawai. Sauran duk yana bin iska.

Dalilin da ya sa ba ta dace da Samaru ba

Sanyinmu da nasu ba ɗaya ba ne. A Jamus matsakaicin zafin watan Janairu yana kusa da digiri 1, ruwa yana daskarewa a waje, ana ɗumama gida tun daga Oktoba har Afrilu, dare da rana. Gida matsakaici da ya dogara ga itace kaɗai yakan ci tan 5 ko fiye a shekara. A nan Samaru, cikin Disamba da Janairu, ma'aunin zafi yakan sauka wajen digiri 13 ko 14 da asuba, wani dare ƙasa da haka, amma kafin azahar ya hau kusan 30. Ɗarinmu na 'yan sa'o'i ne, daga tsakar dare zuwa hantsi, na wata biyu ko uku. Ba wanda zai sayi tan-tan na ƙarfe da bututu domin wannan, sauran wata tara suna zaune suna tsatsa.

Ga kuma maganar lantarki. Ɗakunanmu duk a ƙasa suke, daidai da inda za a hura wutar, don haka ruwa ba zai zaga sosai ba sai da inji. In aka ɗauke wuta da tsakar dare, inji ya tsaya, itace kuwa yana ci, ruwan da ke cikin tukunya zai tafasa. Ko a Turai wannan shi ne abin da masu tukunyar itace suka fi tsoro, suna sa na'urori na musamman dominsa.

Kada kuma ku ɗauka duk abin da aka nuna a waya mai kyau ne. A Amurka akwai irin da ake ajiyewa a bayan gida kamar ɗan rumbu. Masu ita sukan cika ta da ɗanyen itace su toshe mata iska domin ta kwana tana ci, sai ta wuni tana turnuƙe maƙwabta da hayaƙi. Ƙorafi ya yi yawa har hukumar kare muhalli ta ƙasar ta kafa doka a 2015 kan yawan hayaƙin da sabuwar tukunya za ta fitar, aka ƙara tsananta dokar a 2020.

Wani abu kuma da nake so magina su ji. Tsohon soron ƙasa mai kaurin bango da rufin azara shi kansa tankin zafi ne. Yana shan rana da yini, ya saki ɗumi da dare. Ɗakin bulo mai rufin kwano ba silin shi ne yake zama tanda da rana, da asuba kuma ya zama kamar randa. Wanda ya sa silin, ko na tabarma ko na kwali, ya toshe kafofin da ke tsakanin bango da kwano, ya yi maganin rabin ɗarinsa tun bai hura ko tsinke ba.

Kasko a ɗaki

To, mene ne za mu ɗauka? Abu na fari shi ne, a gidan mai tukunya wuta ba ta kwana ɗaki ɗaya da mutum. Mu kuwa abin da muka saba yi ke nan. Da dare ya yi a kwashi garwashi a kasko ko kurfoti, a shigar ɗaki, a rufe ƙofa da taga, a toshe ƙarƙashin ƙofa da tsumma.

Gawayi in yana ci inda iska ba ta isa, yana fid da wata iska mai guba, ana ce da ita kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa tari ko hawaye. Tana kama jini fiye da iskar da muke rayuwa da ita har sau 200 da ɗoriya, ta hana jinin ɗaukar iska mai kyau zuwa ƙwaƙwalwa da zuciya. Mutane da yawa suna cewa in gawayi ya yi ja, hayaƙi ya ɗauke, to ba sauran hatsari. Wannan kuskure ne mai kisa. Jan garwashi marar hayaƙi yana fid da gubar nan sosai.

Alamunta su ne ciwon kai, jiri, tashin zuciya, kasala, da barci mai nauyi. In mutanen ɗaki ɗaya suka tashi da ciwon kai gaba ɗaya, da safe kuma suka ji sauƙi bayan sun fita waje, kada a ce zazzaɓi ne, kada a ce sammu ne. A dubi kaskon. Jarirai da mata masu ciki da tsofaffi su ne take fara kayarwa. In aka tarar da wani ya suma, a buɗe ƙofa da taga, a fitar da shi waje nan da nan, a kwantar da shi a gefensa, a nufi asibiti inda za a sa masa iskar oksijin. Kada a ɗura masa manja ko madara, gama wanda ya suma yana iya shaƙewa, ba kuwa abin da za su yi wa wannan guba. Janareta ma ita ce gubar da yake fitarwa, kada a kunna shi a ɗaki ko a baranda rufaffiya.

Hayaƙin itace shi kuma kisan mummuƙe yake yi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 mutum wajen miliyan 3.2 suka mutu saboda gurɓatacciyar iskar cikin gida, fiye da 237,000 daga cikinsu yara ne 'yan ƙasa da shekara 5. Ku ɗaga kai ku dubi kunkunniyar da ke rufin ɗakin girki. Abin da matanmu suke shaƙa ke nan.

Gadon ƙasa

Kakanninmu ba su rasa dabara ba. A ƙauyuka har yau akwai gadon ƙasa mai rami a ƙarƙashi, inda ake zuba garwashi, ƙasar ta sha zafi ta riƙe shi har safe. Dabarar tankin Bature ce, sai dai da yumɓu aka yi. Aibinsa ɗaya ne, bakin ramin yana cikin ɗaki, ba shi kuma da hanyar fitar hayaƙi.

Manoman arewacin ƙasar Sin suna da irin gadon nan, suna ce da shi kang, na tubali ne. Amma su murhun girki suke haɗawa da shi ta cikin bango. Hayaƙi mai zafi daga murhu yana bin hanyoyi a ƙarƙashin gadon, ya fita ta bututu a waje. Wutar tuwo ɗaya ta yi aiki biyu. Mutanen Koriya kuma daɓen ɗakin duka suke yi wa haka, suna ce da shi ondol. Labarinsu yana da gargaɗi a gare mu. A shekarun 1960 da 1970, sa'ad da suka koma hura curin kwal, gubar nan ta riƙa ɓullowa ta tsagar daɓe tana kashe mutane da yawa cikin barci. Abin da ya raba su da wannan masifa shi ne suka daina bi da hayaƙi ƙarƙashin ɗaki, suka shimfiɗa bututun ruwan zafi a madadinsa.

Wanda yake da gadon ƙasa, ga gyaran da zai yi. A toshe bakin da ke cikin ɗaki, a huda bango a mai da bakin wutar waje. A ɗaya gefen a fid da bututun hayaƙi, shi ma ta waje, ya zarce rufi da ƙafa biyu, nesa da ciyawar jinka. Sa'an nan, kowace shekara kafin hunturu, a gwada shi da rana: a hura ɗanyar ciyawa mai hayaƙi a ramin, a shiga ɗaki a duba. Duk inda hayaƙi ya ɓullo a yaɓe shi, a sāke gwadawa. Wanda ba zai iya wannan gwaji kowace shekara ba, gara ya bar gadon ba wuta. Ko da gyaran ma, a bar 'yar kafa a sama inda iska za ta shiga.

Hanya mafi sauƙi ita ce a shigo da ruwan zafi maimakon wuta. Tulu ko garwa mai murfi, lita 20, a lulluɓe da tsohon bargo, a ajiye kusa da shimfiɗa inda yaro ba zai ture ba. Na yi lissafinsa: in ruwan ya huce daga digiri 70 zuwa 30 cikin sa'a 8, ɗumin da zai bayar kamar na jikin babban mutum ɗaya ne da aka ƙara a ɗakin. Ba zai sa ka yar da bargo ba. Amma kusa da ƙafar tsoho ko tsohuwa yana da amfani, da asuba kuma ga ruwan wanke fuska mai ɗumi.

Duron ruwan zafi

A nan ne ƙungiya za ta sami riba ta gaske. Abin da ya fi cin itace a hunturu shi ne dafa ruwan wanka, tukunya bayan tukunya, a kan duwatsu uku. A gonakin gabashi da kudancin Afirka an daɗe ana gina ƙaramar tukunyar itace da duron mai. Maginin ƙauye da mai walda na Sabon Gari sun isa su yi ta.

A sami duron ƙarfe mai lita 200. Ku lura da kyau: kada a yi amfani da duron da ya taɓa ɗaukar maganin feshi ko maganin ciyawa, kome wankin da aka yi masa. Wanda ya ɗauki man gyada ko manja ya fi. Wanda ya ɗauki fetur kuwa, kada mai walda ya kusance shi da wuta sai an wanke shi an cika shi da ruwa, gama tururin fetur da ya rage a duro yana fashewa kamar bam.

A gina bango biyu na tubali, tsayi wajen ƙafa ɗaya da rabi, a gicciya ƙarafa masu ƙarfi, a kwantar da duron a kansu. Ruwa lita 200 kilo 200 ne, kada a yi rowar ƙarfe. A murza duron har babban bakinsa ya zo sama, ƙaramin ya zo ƙasa. Ƙarƙashinsa ɗakin wuta ne. A jera gutattarin rodi a ɗaga itace daga ƙasa kamar inci huɗu, domin iska ta shiga ta ƙarƙashi, toka ta zube. Sa'an nan a ci gaba da gini a lulluɓe duron, amma a bar tazara kamar yatsa uku tsakanin ƙarfe da gini a gefe da gefe, domin harshen wuta ya lashi cikin duron kafin ya kai bututun hayaƙi a baya. Tazarar nan ita ce asirin aikin. In ta yi faɗi zafi zai gudu, in ta matse wuta ba za ta ja ba. Saman kuwa a yaɓe shi da kauri, da ƙasa haɗe da ƙaiƙayi ko buntun shinkafa, domin ya riƙe zafi.

Yanzu bututun ruwa. A ƙaramin bakin da ke ƙasa a ɗaura bututu mai gwiwa, ya miƙe sama har ya wuce saman duron da taƙi ɗaya ko biyu, a sa masa mazurari. Ta nan ake zuba ruwan sanyi. A babban bakin da ke sama a ɗaura gajeren bututu mai kallon ƙasa, a buɗe, ba famfo, ba murfi. Ta nan ruwan zafi yake fita. In ka zuba bokiti ɗaya na sanyi a mazurari, yana shiga ta ƙasa, ya turo bokiti ɗaya na zafi ta sama. Amfanin wannan tsari biyu ne. Duron ba ya taɓa zama wayam a kan wuta, gama ba mai ɗiba sai ya zuba. Ba ya kuma taɓa zama a rufe.

Wannan na biyu ina roƙonku ku karanta wa duk wanda zai taɓa duron. Ruwa in ya zama tururi yana neman wuri fiye da nasa sau 1,600. Duro rufaffe a kan wuta zai fashe, ya watsa ƙarfe da tafasasshen ruwa. Lalle wata rana wani mai tsabta zai ga bututun sama yana ɗiga, ya ce bari ya sa masa famfo ko ya cusa masa totuwa. Ku hana shi. Ɗigar nan daidai ce, ruwa yana kumbura in ya yi zafi, lita 200 sukan ƙaru da wajen lita 3 kafin su kai zafin da muke so. A ajiye bokiti a ƙarƙashi kawai.

Ba a bukatar ruwan ya tafasa. Digiri 60 ya isa, wato sa'ad da ba ka iya barin yatsa a ciki. Ko wannan ma yana sāle fata cikin 'yan daƙiƙoƙi, fatar yaro kuwa tun kafin haka, sai an surka. A kewaye wurin da ɗan shinge saboda yara.

Ga lissafin itace. Domin a ɗaga lita 200 daga digiri 20 zuwa 60, da a ce ba zafin da yake ɓacewa, busasshen itace kilo 2 da 'yan kai ya isa. A kan duwatsu uku, inda ake kama kashi 12 cikin 100, sai an ƙone wajen kilo 18. Duron da aka gina daidai, in ya kama kashi 30, kilo 7 ko 8 zai ci. Wannan lissafin takarda ne, aikin magini yana iya ɗaga shi ko ya kā da shi. Amma ko rabi aka rage, ku duba abin da ɗaurin itace ya koma tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023, kuɗin mota ya hau, masu girki da gas da kananzir da yawa suka komo kan itace da gawayi.

Duro ɗaya ya fi ƙarfin gida mai mutum biyar. Inda ya dace shi ne babban gida mai sassa da yawa, ko ɗakin shan magani, ko makarantar kwana, ko unguwar da gidaje huɗu ko biyar za su haɗa kai. Masu kiwon kaji ma su duba. 'Yan tsaki suna bukatar digiri 32 zuwa 35 a makon fari, garwar ruwan zafi a tsakiyarsu kuwa ba ta tā da gobara kamar fitila ko tukunyar gawayi, ko da yake a tsananin ɗari sai an riƙa sauya ruwan cikin dare.

Maganar jego

Ba gidan da yake cin itacen ruwan zafi kamar gidan mai jego, safe da yamma har kwana arba'in. A ganina duron ƙungiya ya kamata ya fara da su. Amma tun da maganar ta zo, bari in faɗi abin da likitoci suka gani a nan garinmu. A asibitin Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, likitoci biyu, Davidson da Parry, sun bi mata 224 da zuciyarsu ta kasa bayan haihuwa, suka buga sakamakon a 1978. Sun ɗora zargi a kan kunun kanwa mai yawa, da wanka da ruwa mai tsananin zafi, da kwanciya a kan gadon wuta. Daga baya wani babban bincike na asibitoci da yawa a Nijeriya, wanda Farfesa Kamilu Karaye na Kano ya jagoranta, aka buga a 2020, bai sami cewa wankan da kunun su ne sanadin ciwon ba. Ya fi nuna rama, da hawan jinin ciki, da talauci.

Saboda haka ba na cewa a bar wankan jego. Abin da nake cewa shi ne, sauƙin samun ruwan zafi kada ya zama dalilin ƙona mace. A surka ruwan har mai yi mata wanka ta iya barin gwiwar hannunta a ciki. Kanwa gishiri ce, mai hawan jini ko kumburi ta bar ta. Mai jegon da take haki, ko ƙafafunta suka kumbura, ko ba ta iya kwanciya sai a zaune, ko tari yake tashe ta da dare, asibiti za a kai ta ranar, kada a ce sanyi ne ya shige ta a ƙara mata wuta. 'Yan zumuntar mata da ungozomomi, wannan aikinku ne.

Itacen kansa

Kowace irin tukunya, ta Jamus ko ta duro, ɗanyen itace yana kashe ta. Itacen da aka sare yau kusan rabin nauyinsa ruwa ne, wuta kuwa sai ta busar da ruwan kafin ta ba ka zafi. Kilo ɗaya na ɗanye bai fi rabin zafin kilo ɗaya na busasshe ba da wani abin kirki, ga hayaƙi, ga baƙin kwalta da yake tarawa a bututu har wata rana ya kama da wuta. A Ingila tun watan Mayu na 2021 an hana sayar wa gidaje ɗanyen itace ƙanana-ƙanana, sai wanda ruwansa bai wuce kashi 20 cikin 100 ba. Su sai sun jira shekara ɗaya ko biyu kafin nasu ya bushe. Mu iskar hunturu tana yi mana aikin cikin 'yan makonni, in an faskara shi an jera a kan duwatsu, sama da ƙasa saboda gara. Busasshen itace yana da tsaga a bakinsa, in ka buga biyu suna ƙara garau. Wanda yake kumfa yana tsuwa a wuta bai bushe ba.

Domin girki akwai murhu masu tsimin itace, irin Save80 na ƙarfe wanda ƙungiyar DARE ta Kaduna ta yaɗa, da na yumɓu da mata suke ginawa da kansu. Na sha jin ana kushe su da hunturu, wai ba sa ba da ɗumi a zauna a yi hira. Gaskiya ne, zafin yana shiga tukunya ne, abin da aka gina su domin shi ke nan. Wanda yake son wutar hira ya hura ta a tsakar gida da kara, ya kashe ta kafin a shiga barci.

Daga ina itacen zai fito? Marke da ƙirya da doka sun yi nisa da gari, yanzu har ɗorawa da kaɗanya ake sarewa, masu ba mu daddawa da man kaɗe. Wannan cin iri ne. Tashar binciken daji ta Samaru ta yi ta gwajin itacen turare tun shekarun 1960, yana saurin girma, in an sare shi yana tohowa daga kututture, sai dai yana shan ruwa, kada a dasa shi a bakin rijiya ko fadama. Darbejiya ma tana jure sassabe. Hanyar da ta fi araha kuwa ita ce ta manoman Maradi. Tun wajen 1983 wani ma'aikacin gona na mishan, Tony Rinaudo, ya fara nuna musu su daina ƙone tohon kututturen da ke gonakinsu, su zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi su bari, su datse sauran su kai murhu. Suna ce da shi sassabin zamani. An ƙiyasta ƙasar da ta farfaɗo ta wannan hanya a Nijar ta kai wajen hekta miliyan 5. Ruwan samanmu ya ninka nasu.

Ƙungiyar da take so ta gwada duron, kada ta gina biyu sai ta auna na fari. A ari sikelin da ake auna masara. Mako ɗaya a dafa ruwa yadda aka saba, a auna itacen kowace rana, a ƙirga bokitin ruwan zafi da aka samu. Mako na biyu a yi haka da duron, da itace iri ɗaya. A bar ginin ya bushe kwana goma kafin a fara, wutar kwana biyu na fari kuma ta zama ƙarama domin kada ya tsage. Magatakarda ya rubuta kilo da bokiti na kowace rana, da tazarar da magini ya bari tsakanin duro da bango, da tsawon bututun hayaƙi, ya kawo takardar taron watan Maris domin a gwama da ta sauran ƙungiyoyi.